Rular Sikeli da Jirgin Ƙasan da Bai Iso Tamale Ba

Birnin Tamale, wanda ya zama mazaunin mulkin arewacin ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau, a shekarar 1907 bayan da Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatarsu daga Gambaga, bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba, domin dogon da aka fara shimfiɗawa daga Sekondi a 1898 ya isa Kumasi a 1903 ya tsaya cak, kuma daga Kumasi zuwa Tamale akwai tafiyar kusan kilomita 380 wadda har yau motoci ne ke ɗauke da nauyinta. Gwamna Gordon Guggisberg, wanda ya riƙe ƙasar daga 1919 zuwa 1927, ya sa dogon arewa cikin shirinsa na shekara goma, safiyoyi suka shiga daji suka auna, aka zana taswira, sannan aka jingine maganar a daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, kuma masana tarihi suna ta muhawara kan ko rashin kuɗi ne kaɗai dalili ko kuwa masu haƙar zinariya da masu gonakin koko na kudu sun fi son arewa ta zauna a matsayin rumbun leburori. A wannan zamani dogon da ya isa Kano a 1911 ya riga ya mayar da ita cibiyar gyaɗa. Rabon Tamale daga jirgin ƙasa cikin shekara ɗari bai wuce zane a kan takarda ba, shi kuwa zane ba ya karantuwa sai an san ma'aunin da aka ƙanƙanta shi da shi, wanda shi ne ainihin ma'aunin da masu haɗa ƙananan samfuran jiragen ƙasa a kan tebur suke dogara da shi a duk faɗin duniya.

Unguwar Aboabo, inda babbar kasuwar hatsin birnin take, wuri ne da awo ke gudana tun daga hantsi har faɗuwar rana, sai dai kowace sana'a da ma'auninta. Mai masara da mai shinkafa da mai gyaɗa suna auna da kwano da buhu, kuma tsayin tozon da ake yi wa kwanon yana cikin ciniki. Mai atamfa yana auna da yadi, kafinta yana neman katako da sunan da ya saba, wato tu-bai-fo, ma'ana inci biyu a inci huɗu, birkila yana lissafin ɗaki da ƙafa, alhali ƙasar Gana ta koma tsarin mita a hukumance tun 1975. A ƙarƙashin waɗannan kuma akwai tsohon awon jiki da fatake Hausawa suka yi ciniki da shi a hanyar Gwanja tun zamanin da Salaga ke kasuwar goro: kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, da gaba, wato iyakar buɗewar hannuwa biyu, da taƙi na yatsu da taku na ƙafa. Wanda ya tashi a irin wannan wuri ya saba juya awo daga wani tsari zuwa wani a cikin kansa, kuma wannan sabo shi ne rabin aikin mai haɗa samfuri, domin sana'ar samfuran jiragen ƙasa ita ma ta gaji rikicin ƙafa da mita, har ta kai ga ma'auninta mafi shahara an gina shi ne da gauraya biyun.

Kalmar sikeli a bakin Bahaushe na'urar auna nauyi ce, amma a wajen masu zanen gini da safiyoyi tana nufin rabo tsakanin tsayin abu a takarda da tsayinsa na zahiri, kuma ana rubuta shi da lambobi biyu, misali 1:100, ma'ana santimita ɗaya a zane tana wakiltar santimita ɗari a ƙasa. Rular sikeli kuwa rula ce da aka riga aka yi mata wannan lissafi, ta yadda lambobin da ke jikinta ba su faɗin tsayin layin da ke takarda, suna faɗin tsayin abin da layin ke wakilta, mai aiki ya ɗora ta ya karanta mita huɗu ko ƙafa goma sha biyu kai tsaye ba tare da ninkawa ko rabawa ba. Wadda aka fi gani tsayinta kimanin santimita 30 ne, mai ƙirji uku kamar dutsen murhu idan aka dube ta ta baki, da fuska shida, kowace fuska da nata ma'auni, kuma a tsakanin ƙirazan akwai kwari da ake shafa wa launi daban-daban don hannu ya gane fuskar da yake nema ba tare da dogon juyi ba. Sifilinta ba ya kan baki, yana ɗan ciki, saboda baki ne ke fara cinyewa.

Mutumin Tamale da bai taɓa riƙe wannan rula ba yakan ci karo da aikinta ranar da ya sayi fili. Takardar safiyo da ake haɗa wa takardun fili a Gana galibi ana zana ta a ma'aunin 1:2500, fulotin da aka saba yankawa a birnin kuwa ƙafa ɗari ne a ƙafa ɗari, wato mita 30.48 kowane gefe, wanda a kan takardar ke zama ɗan murabba'i mai milimita 12 da 'yan kai, girman farcen babban yatsa. A wannan ma'auni kaurin layin fensir da ba a feƙe ba yana iya kai mita biyu a ƙasa, kuma kuskuren milimita ɗaya tak ya isa ya tura katanga mita biyu da rabi cikin filin maƙwabci, shi ya sa safiyo yake rubuta tsayin kowane gefe da lamba kuma ƙa'idar masu zane ita ce lambar da aka rubuta ta fi abin da aka auna a takarda ƙarfi.

Haɗa ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya a kan dogonsu ya zama sana'a mai tsari a 1891, lokacin da kamfanin Märklin na Jamus ya nuna jirage da dogo masu daidaitaccen faɗi a baje kolin birnin Leipzig, ya ba kowane faɗi lamba. Daga baya aka fito da wanda ya fi su ƙanƙanta aka kira shi sifili, wanda bakin mutane ya mayar harafin O, sannan aka raba shi biyu aka samu HO, ma'ana rabin O, wanda a yau ya fi kowane yaɗuwa. Ma'aunin HO shi ne milimita 3.5 ga kowace ƙafa ɗaya, rabon da ke zuwa 1:87, dogonsa kuma milimita 16.5 ne tsakanin ƙarafan biyu. Akwai N mai 1:160 a kan milimita 9, da TT mai 1:120 a kan milimita 12, da S mai 1:64, da Z mai 1:220 wanda Märklin ya fitar a 1972. Don kayan kamfanoni daban-daban su hau dogon juna aka kafa ƙungiyar NMRA a Amurka a 1935 da takwararta MOROP a Turai a 1954, amma ko su ba su raba gardama ba, domin har yau O a Amurka 1:48 ne, a Ingila 1:43.5, a yawancin Turai 1:45, N kuma a Ingila 1:148 ne, a Japan 1:150.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne ɗaukar sikeli da geji a matsayin abu ɗaya. Sikeli rabo ne da ya shafi komai da ke kan tebur, jirgi da mutum da bishiya da akuya. Geji kuwa tsayi ne guda, wato tazarar da ke tsakanin fuskokin ciki na ƙarafan dogo biyu. Faɗin dogon da ya fi yawa a duniya milimita 1,435 ne, gadon George Stephenson wanda majalisar Ingila ta tabbatar da doka a 1846, kuma idan aka raba shi da 87 ana samun 16.5, don haka a HO sikeli da geji sun yi aure lafiya. A Ingila abin bai tafi haka ba, domin jiragenta na zahiri sun fi na Amurka da Jamus ƙanƙanta, injinan lantarkin shekarun 1920 da 1930 kuma ba su shiga cikin gangar jikinsu a 1:87, sai masu ƙira suka ƙara girman jiki zuwa milimita 4 ga ƙafa, wato 1:76.2, suka bar dogon a milimita 16.5, suka kira shi OO. Sakamakon shi ne jirgi mai tsaye a kan dogon da ya gaza na zahiri da kimanin inci bakwai, aibin da ya dami wasu har suka ware suna ƙera dogonsu da hannu a milimita 18.2 ko 18.83. Darasin da ke nan ga mai neman rula shi ne faɗin dogon da ya saya ba ya gaya masa rular da zai nema, tunda HO da OO dogonsu ɗaya, rularsu biyu, kuma taragon ƙafa arba'in milimita 140 ne a ɗaya, 160 a ɗayan.

Maganar ta fi tsanani ga wanda yake son jirgin ƙasarsa. Tsohon dogon Gana, kamar na Najeriya daga Legas zuwa Kano da Nguru da Ƙauran Namoda, faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067, wanda injiniya Carl Pihl ya fara amfani da shi a Nowe a farkon shekarun 1860 kuma Turawan Ingila suka ɗauka don yankunan mulkinsu saboda ya fi arha kuma yana jure lanƙwasa. Kayan da ake sayarwa a kanti kuwa an ƙera su ne don jiragen Turai da Amurka. Wanda ya ƙera kan jirgin Sekondi a 1:87 ya ɗora shi a kan dogon HO ya ba shi ƙafafu da suka fi na zahiri buɗewa da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ido yana kama wannan, domin abin da ya bambanta jiragen ƙaramin geji shi ne yadda gangar jikinsu ke zarce dogo ta gefe biyu kamar kayan da suka fi ƙarfin jaki. Lissafi ya nuna mafita uku. A 1:87 faɗin da ake bukata milimita 12.3 ne, dogon milimita 12 yana nan a kasuwa. A 1:120 ana bukatar 8.9, dogon N mai milimita 9 ya yi. A 1:64 kuma ana bukatar 16.7, wanda dogon HO na yau da kullum, mafi arha kuma mafi sauƙin samu, ya cika da gibin kimanin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma wannan hanya ce masu sha'awar abin a Niyu Zilan da wasu jihohin Ostireliya suka daɗe suna bi saboda dogonsu irin na Gana ne. Haka wanda yake son tsohon ƙaramin dogon Bauchi da ya bi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru kafin a rufe shi a 1957, mai faɗin milimita 762, zai same shi a 1:87 a kan milimita 9.

Neman rular kanta yana da nasa sarƙaƙiya. Rular ƙarfe da aka zana wa ƙafafun HO da N da O kaya ce ta kantunan masu wannan sha'awa a ƙasashen waje, sai an yi odarta ta intanet ko an ba matafiyi saƙo, kuma kuɗin aikowa yakan fi kuɗin rular. Abin da ke kusa shi ne rular masu zanen gini, wadda ɗaliban zanen fasaha a makarantu irin su Jami'ar Fasaha ta Tamale da Cibiyar Fasaha ta Dabokpa suke bukata, masu sayar da kayan rubutu kuma suke ajiyewa dominsu. Irin ta mita takan ɗauki 1:20, 1:25, 1:50, 1:75, 1:100 da 1:125, ta safiyoyi kuma ta kai 1:1250 da 1:2500, amma babu 1:87 a cikinsu, babu 1:160. Fuskar 1:75 tana jan hankalin mai OO, tunda bambancin bai kai kashi biyu cikin ɗari ba, kuma don ginin rumfa ko shago ana iya yafe wannan, sai dai a taragon milimita 250 ya kai milimita huɗu, wanda ya isa ya sa tagogi su ƙi zama inda zane ya ce. Amfani da 1:100 a madadin 1:87 kuwa kuskure ne da ake gani daga nesa, domin ƙofar ɗaki takan zo kusan daidai da tsayin mutumin robar da aka tsayar a bakinta.

Abin mamaki shi ne tsohuwar rular inci ta masu zanen gini, wadda komawa tsarin mita ya tura cikin durowa, ita ce ta fi dacewa da jirgin Gana. A jikinta akwai fuskar rubu'in inci ga ƙafa, wadda ita ce 1:48 cif, da fuskar uku bisa goma sha shida na inci ga ƙafa, wadda ita ce 1:64 ba ragi ba ƙari. Karanta ta yana son natsuwa, domin ma'auni biyu ne ke raba baki ɗaya, ɗaya yana tafiya daga hagu ɗaya daga dama, kuma 3/16 tana zaune tare da 3/32, ta yadda wanda idonsa ya zame zuwa jerin lambobin da ba nasa ba zai ninka awonsa ko ya raba shi biyu. Ƙafa ɗaya da ke bayan sifili ita kaɗai aka rarraba zuwa inci, don haka ana daidaita cikakkiyar ƙafa a ƙarshen abin da ake aunawa, a karanta ragowar incin a bayan sifili. Akwai kuma wata sa'a da ke tattare da 1:64, wato rular ƙarfe ta masu aikin injin gyaran ƙarfe da aka rarraba incinta gida sittin da huɗu ta riga ta zama rular sikeli, domin kowane ɗan layi a jikinta inci ɗaya ne na zahiri.

Wanda bai samu ko ɗaya ba yana iya ƙera tasa, kuma aikin bai fi na yammaci ɗaya ba. Guntun alminiyam miƙaƙƙe daga wajen masu haɗa tagogi ya fi katako da kwali, ana ɗaure shi gefe da gefe da rular ƙarfe mai milimita don kada ɗaya ya motsa, a ja layin sifili ɗan nesa da baki da tsinin reza ko ƙusar da aka wasa. Don HO ana fara sa manyan layuka a milimita 35, 70, 105, 140 har zuwa 280, kowanne ƙafa goma, sannan a cike tsakani da 7, 14, 21 da 28, waɗanda su ne ƙafa biyu-biyu, a ƙarshe a raba kowanne biyu. Sharaɗin da ba a karyawa shi ne kowane layi a auna shi daga sifili, kada a auna shi daga layin da ya gabace shi, domin kuskuren kashi biyu cikin goma na milimita idan ya maimaitu sau arba'in ya zama milimita takwas, wato fiye da ƙafa biyu. Idan mita ake so, mita ɗaya a 1:87 milimita 11.5 ce, a 1:64 kuma 15.6, kuma inda rabon ya ƙi faɗawa kan layin rula ana komawa dabarar da ake jingina wa Thales na Girka: a ja layin da ake son rabawa, a ja wani a karkace daga farkonsa a sa masa alamu goma masu tazara ɗaya, a haɗa alamar ƙarshe da ƙarshen layin farko, sannan a ja sauran layukan a jere da shi. Bayan an gama ana goga tawada a kan ƙarfen a share, ta zauna cikin ramukan layukan.

Akwai rulolin da ake saukewa daga intanet a buga a takarda, kuma shagunan buga takardu ba su da wuyar samu a birnin, sai dai na'urar bugawa tana da al'adar rage shafi don ya shiga cikin iyakokinta idan ba a umarce ta ta buga a cikakken girma ba, ragin da ido ba ya gani amma yana kai kashi uku ko huɗu cikin ɗari. Maganinsa shi ne ɗora rular ƙarfe a kan abin da aka buga tun kafin a bar shagon, a tabbatar ƙafa ashirin ta HO ta faɗa kan milimita 70. Yanayi ma yana da ta cewa, domin takarda da katako suna shan laimar damina su kumbura, iskar hunturu ta Disamba da Janairu kuma ta tsotse su su tsuke, abin da duk kafintan da ya haɗa ƙofa a watan Agusta ya san labarinsa. Katako yana motsi ta faɗinsa fiye da ta tsayinsa, don haka rular katako ana yanka ta ne bin jijiya, ta takarda kuma a manna ta a kan ƙarfe ko gilashi.

Da zarar rula ta samu, Aboabo kanta ta zama littafin awo. Kwantena mai ƙafa ashirin, irin wadda ake mayarwa shago a bakin titi, milimita 70 ce a HO, 95 a 1:64. Bulon siminti mai tsayin inci goma sha takwas milimita 7 ne a 1:64, mutum mai tsayin mita 1.7 kuma milimita 27 a wannan ma'auni, 20 a HO, kuma da wannan mutum ake gwada komai, daga tsayin rumfar mai hatsi zuwa rufin keke mai ƙafa uku da ake kira yalo-yalo. Inda masu farawa suka fi faɗuwa shi ne kauri, domin sukan auna tsayi da faɗi da kyau su manta cewa shi ma kauri yana ƙarƙashin hukuncin rula. Falankin milimita 3 a 1:64 bango ne mai santimita 19, wanda ya dace da bulo da filasta, amma idan aka yi ƙofa da shi ta zama ƙofar gidan yari, tu-bai-fo ɗin kafinta kuwa milimita 0.8 ne a 1.6, wato tsinken ashana ma ya fi shi kauri. A irin wannan awo rula ta gaza, sai kalifa, ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu da ke kama kaurin abu, wanda dabarar karanta shi ta samo asali daga Bafaranshe Pierre Vernier a 1631.

Tunda babu jirgin da za a je a sa wa tef a Tamale, hoto da zane su ne madogara. A hoton da aka ɗauki kan jirgi ta goshi, tazarar ƙarafan dogon da ke ƙarƙashinsa sananniya ce, milimita 1,067, don haka ita ce rular hoton, da ita ake fitar da faɗin jirgin da tsayinsa daga dogo zuwa rufi, muddin abin da ake aunawa yana nisa ɗaya da kyamara da wurin da aka auna dogon. Zanen da aka samu a wani ma'auni kuma ana juya shi da injin kwafi ta hanyar raba lambar tsohon ma'auni da ta sabon: daga HO zuwa 1:64 a ƙara zuwa kashi 136 cikin ɗari, daga OO zuwa HO a rage zuwa 87.5.

Akwai abubuwan da rula ba ta iya hukunta su, kuma saninsu yana cikin iya amfani da ita. Tsayi ne kaɗai ke raguwa sau 87. Fili yana raguwa sau 7,569, cikin abu da nauyinsa kuma sau 658,503, ta yadda taragon tan arba'in zai dawo giram 61, nauyin da bai isa ya riƙe shi a kan dogo ba, shi ya sa shawarar NMRA ga tarago mai tsayin ƙafa arba'in ta haura giram ɗari kuma masu ƙira suke ɓoye dalma a cikinsa. Gudun kilomita 60 a awa santimita 19 ne a daƙiƙa, wanda sabon shiga yake gani kamar tafiyar hawainiya har ya ƙara wuta. Nisa kuwa shi ne babban abin da ke karya gaskiyar tebur, domin kilomita ɗaya mita 11.5 ce a HO, kuma lanƙwasar dogon kanti mai inci goma sha takwas daidai take da mita 40 a zahiri, inda babban dogo ke bukatar ɗaruruwan mita. Ko Miniatur Wunderland na birnin Hambog, wanda aka buɗe a 2001 kuma dogonsa ya haura kilomita 15, matse nisa yake yi. Ƙa'idar masu abin ita ce a bar jirgi da mutum da ƙofa a kan rula, a rage tsayin tasha da yawan taragu da tazarar garuruwa da gangan, ta yadda mai kallo ba zai ji an cuce shi ba.

A nan ne ya kamata a ba yaran unguwa haƙƙinsu. Motar kara da motar langa-langa da ta waya, waɗanda yara ke haɗawa da karan dawa da gwangwanin madara da tayoyin da aka yanko daga tsohon silifa, samfura ne da aka ƙera ba tare da rula ba, kuma sau da yawa mai kallo yana gane irin motar da ake nufi tun daga nesa, domin ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Yaron yakan ƙara girman abin da ya burge shi, fitila ko taya ko bodin kaya, wanda a fannin fasaha ba aibi ba ne. Aibin yana bayyana ne ranar da aka so motar wani ta ja tirelar wani, ko aka so goma su shiga gareji ɗaya, kuma wannan ita ce ainihin matsalar da Märklin ya warware a 1891. Malamin da ke koyar da rabo a aji yana da kayan aiki a hannun ɗalibansa da ya fi duk misalin da ke allo, idan ya sa su auna motar gaske da tef su ƙera ta a 1:20 da rular da suka zana da kansu.

Shi dogon zahiri kuma ya sauya geji. Tsarin dogon Gana na 2013 ya tanadi kimanin kilomita 4,000 a faɗin milimita 1,435, an ƙaddamar da layin Tema zuwa Mpakadan mai kilomita 97 a watan Nuwamban 2024, kuma shi ne ake nufin ya zama matakin farko na layin da zai bi ta Hohoe da Bimbilla da Yendi ya iso Tamale, ya wuce Bolgatanga da Paga zuwa Wagadugu, inda zai tarar da dogon Abijan mai faɗin mita ɗaya da ya isa can tun 1954. Najeriya ta bi wannan hanya da layin Abuja zuwa Kaduna a 2016 da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Ga mai samfuri wannan yana nufin jirgin da ake sa ran ya iso Tamale zai zauna daram a 1:87 a kan dogon milimita 16.5, jirgin da Guggisberg ya yi alkawari kuwa sai a 1:64 a kan wannan dogon dai. Dukansu biyu za su yi tafiya a tebur ɗaya ba tare da an taɓa ƙarfe ko ɗaya ba, amma tashar da aka gina wa ɗaya ba ta karɓar ɗayan, domin fasinjan tsohon jirgin milimita 27 ne, ƙofar sabuwar tashar kuwa, idan ƙafa bakwai ce a zahiri, milimita 24 da rabi take.